Iyakar da Bature ya shata ce ta ɗaure mu, ko abin da muka gina a cikinta?

Malam Sanusi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya ina koyar da darasin rabon Afirka, na rataya taswira a jikin allo, sai wata yarinya ta taso daga layin baya da rularta a hannu. Ta ɗora ta a kan iyakar Masar da Sudan, rular ta kwanta ɗas a kan layin. Ta juyo ta ce, "Malam, wanda ya ja wannan layin ya taɓa zuwa wurin kuwa?" Na ba ta amsar da aka ba mu muna yara, cewa Turawa sun zauna sun yayyanka nahiyar nan ba da shawarar kowa ba, kuma daga nan duk wahalarmu ta faro. Ta koma ta zauna. Ni kuwa na kwana ina juya maganar, domin rabin farko na amsar gaskiya ne, rabi na biyun kuma na fara shakkarsa tun da daɗewa. An yi mana zalunci wajen shata iyaka, wannan ba ja. Amma shekara sittin da ɗoriya bayan 'yancin kai, anya layin ne yake hana ƙasa ta zama ƙasa? Ni a ganina abin da ake ginawa a cikin layin ya fi layin nauyi. Ina so in ji ta bakinku kafin in koma ajin nan.

Abba:
Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, ni ban yarda ba. Ginin da aka aza a kan karkataccen tushe ko da siminti nawa aka zuba masa sai ya tsage. A taron Barlin aka baje taswira a kan tebur, ba Ba'afirke ko ɗaya a ɗakin, aka raba mu. An haɗa waɗanda ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba, an raba 'yan uwa na jini gida biyu, wani lokacin gida uku. Somalawa sun tashi a ƙarƙashin Ingila da Italiya da Faransa da Habasha. Yarbawa suna Najeriya suna Binin. Mu Hausawa muna Najeriya muna Nijar. Ta yaya za a ce wannan ba shi ne tushen cutar ba?

Zulai:
Yaya Abba, akwai gyara kaɗan a zancen Barlin, kuma gyaran yana da amfani ga muhawarar. An zauna daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885, ƙasashe 14, har da Amurka da Daular Usmaniyya, kuma gaskiyarka ba wakilin Afirka. Sai dai ba a wannan ɗakin aka ja layukan da muke gani a taswira ba. Abin da suka tsayar shi ne ƙa'idar wawaso: 'yancin kasuwanci a yankin Kwango, 'yancin zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwango da kogin Kwara, da sharaɗin cewa wanda ya ce wani bakin teku nasa ne sai ya sanar da sauran, ya kuma nuna yana da iko a wurin. Layukan kansu daga baya aka yi ta jan su, ƙasa da ƙasa, yarjejeniya bayan yarjejeniya, tsawon shekara kusan talatin.

Malam Mamman:
Malama Zulai ta taɓo inda nake so. Ni daga ɓangaren Nijar nake rubutu, kuma iyakar da ke tsakaninmu da ku na daɗe ina bin tarihinta.

A 1890 Ingila da Faransa suka fara cewa layi ya tashi daga Sayi a bakin Kwara ya tafi Barruwa a bakin Tabkin Chadi. A lokacin babu ɗaya daga cikinsu da ke mulkin ko ƙauye guda a tsakanin wuraren nan biyu. A 1898 suka sake zama, aka zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da sojojin Faransa suka zo bin rabonsu da ƙafa, sai suka tarar an bar musu hanyar da ba rijiya. Ayarin da zai tashi daga Kwara zuwa Damagaram dole ya ratsa ƙasar Ingila in yana son ruwa. Saboda haka aka sake gyara a 1904, aka kuma gyara a 1906, aka sauko da layin kudu, sannan ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa turaku har 1908. To ka ga rijiyoyi sun sa baki a wannan iyaka fiye da tebur ɗin Barlin.

Ga kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Kafin Bature ya zo, ƙasar Hausa ba a dunƙule take ba. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa Maraɗi. Gobirawa suka tsaya a Tsibiri. Damagaram tana kallon Barno ne, ba ta taɓa bin Sakkwato ba. An shafe shekaru ana kai wa juna hari, sunan Ɗan Baskore, Sarkin Maraɗi, har yau ba a manta da shi ba a garuruwan da ya yaƙa. Layin 1906 a wurare da yawa ya bi wannan tsohuwar ɓaraka ce. Ban ce an yi adalci ba, akwai garuruwan da aka raba da gonakinsu da makiyayarsu. Amma Abba, in an ce a goge layin Bature a koma na da, wane na da ɗin? Na 1800 ko na 1850?

Abba:
Baba Mamman, na karɓi wannan, Allah ya ƙara sani. Amma ko da muna faɗa da juna, faɗanmu ne, da an bar mu da mun daidaita a kan iyakar da ta dace da mu kamar yadda Turawa suka yi wa kansu. Bafaranshe yana Faransa, Bajamushe yana Jamus, kowa da harshensa da ƙasarsa.

Malam Sanusi:
Abba ɗana, nan ne fa na fara canza ra'ayi shekarun baya. Mun ɗauka Faransawa ne suka kafa Faransa. In ka duba da kyau sai ka ga Faransa ce ta ƙera Faransawa. A 1794, bayan juyin juya halinsu, wani limamin coci mai suna Gregoire ya kai wa majalisa rahoto cewa miliyoyin 'yan ƙasar ba sa jin Faransanci sam. A kudu ana Osita, a yamma ana Biretan, ga Baskawa, ga masu Jamusanci a Alzas. Abin da ya haɗa su daga baya shi ne makarantar gwamnati da dokokin Jules Ferry suka mayar kyauta a 1881, suka mayar dole a 1882, da aikin soja na tilas, da layin dogo, da jarida. Kuma ba da lallashi aka yi ba, an hukunta yara a aji saboda sun yi harshen iyayensu. Italiya da ta haɗe a 1861, tsiraru ne kawai a cikinta ke magana da Italiyancin littafi. Jamus sai a 1871 ta zama ƙasa guda, bayan yaƙi uku a cikin shekara bakwai, da Denmak da Ostiriya da Faransa.

Daidaitawar da kake cewa sun yi wa kansu, da jini aka yi ta. Yaƙin Shekara Talatin da ya ƙare a 1648, yaƙe-yaƙen Napoliyon, yaƙin duniya biyu. Bayan 1945 an kori Jamusawa sama da miliyan goma daga gabashin Turai domin iyaka ta dace da ƙabila. Ba na yi wa Afirka fatan wannan hanyar.

Hajiya Rabi:
Malam Sanusi, sannu da ƙoƙari. Ni misali biyu ne suke tsaya mini a rai duk lokacin da aka ce haɗa ƙabilu ne ya kashe mu.

Somaliya: harshe ɗaya, addini ɗaya, al'ada kusan ɗaya. In akwai ƙasar da ta cika sharaɗin da Abba yake nema a Afirka, ita ce. Tauraron tutarta mai tsini biyar ma alama ce ta yankunan Somalawa biyar da suke son haɗewa. Wannan burin ya kai su yaƙin Ogaden da Habasha a 1977, aka ci su a 1978. Daga nan shugabansu Siyad Barre ya jingina da danginsa, ya juya bindiga kan sauran, jiragen gwamnati suka yi wa Hargesa ruwan bama-bamai a 1988. A Janairun 1991 ya gudu daga Mogadishu, gwamnati ta rushe gaba ɗaya. Ba Baturen da ya cusa musu baƙuwar ƙabila a ciki.

Tanzaniya kuwa ƙabilu sama da 120 ne, Musulmi da Kirista kowa da yawansa, iyakar kuma Jamusawa da Ingilishi ne suka shata. Soja bai taɓa kifar da gwamnati ba, ba a taɓa yaƙin basasa ba. Shugabanta na farko Nyerere ya ɗauki Suwahili ya mai da shi harshen makarantar firamare da majalisa, ya soke ikon sarakunan gargajiya a 1963, ana tura ɗalibi sakandare nesa da yankinsu, ana tura ma'aikaci inda ba danginsa. Wannan aiki ne aka zauna aka yi da gangan.

Zulai:
Hajiya, ina tare da ke a kan Somaliya, amma Tanzaniya kada mu shafa mata mai da yawa. Jam'iyya ɗaya aka yi har 1992. Shirin ƙauyukan ujama'a da ya biyo bayan Sanarwar Arusha ta 1967, a tsakiyar shekarun 1970 da ƙarfin tsiya aka kwashe miliyoyin manoma daga inda suke, noma ya faɗi, ƙasar ta koma sayo abinci daga waje. Haɗewar Tanganyika da Zanzibar ta 26 ga Afrilu 1964 har yanzu tana da ƙorafi, kuma a Janairun 2001 jami'an tsaro sun kashe masu zanga-zanga a Pemba bayan zaɓe. Haɗin kan ya samu, amma an biya kuɗinsa.

Hajiya Rabi:
Haka ne 'yata, ban musa ko ɗaya ba. Shi kansa Nyerere da ya sauka a 1985 bai ɓoye cewa tattalin arzikin bai tafi yadda ya so ba. Abin da nake nunawa kawai, yawan ƙabila bai zama hukuncin kisa ga ƙasa ba.

Alhaji Idi Direba:
Ni ba ɗan boko ba ne irinku, babbar mota na ja shekara ashirin da shida, na ƙetare iyakoki da dama. Abin da na gani da idona zan faɗa. Layin kansa bai taɓa tsayar da ni ba, ko ganinsa ba na yi. Abin da ke tsayar da ni igiya ce da aka gitta a titi da ganga biyu, da mutum a ƙarƙashin rumfa yana juya takarduna. Akwai iyakar da na kwana huɗu a bakinta da kaya a mota, takarduna cikakku, don kawai na ƙi miƙa abin da ba doka ta ce ba. Yaron motata ya kwanta zazzaɓi a ƙarƙashin tirela, ba asibiti kusa. A wannan kwana huɗun ina kallon mata da yara suna wucewa ta bayan rumfar da ƙafa, su je wancan ɓangaren su dawo, ba mai ce musu kanzil, domin su a wurinsu gari ɗaya ne. Wanda ya riƙe ni harshenmu ɗaya, a sahu ɗaya muka yi salla. To wa zan zarga, Baturen da ya mutu shekara ɗari ko shi?

Abba:
Allah sarki Alhaji, Allah ya saka maka. Amma ai da ba iyakar da ba rumfar.

Alhaji Idi Direba:
Ɗana, a cikin ƙasa ɗaya ma na ƙirga irin wannan rumfar fiye da ashirin a tafiyar yini guda, ba iyakar kowa a wurin.

Malam Bello:
Ina bin ku tun ɗazu, kuma ina jin tsoron kada mu wanke mulkin mallaka tas da sunan adalci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda. Amma ɓeran nan ba layi kawai ya bari ba, ya bar irin gwamnatin da ya ƙera. Ku dubi layin dogo a taswirar kowace ƙasa: daga inda ake haƙo ma'adini ko ake noman gyaɗa da auduga ya miƙe zuwa tashar jirgin ruwa. Ba a shimfiɗa shi don ya haɗa 'yan ƙasa da juna ba. Gwamnatin mallaka aikinta uku ne, ta karɓi haraji, ta fitar da kaya, ta murƙushe tawaye. Ba ta da wani alkawari da talaka.

Kwango ta samu 'yanci ranar 30 ga Yuni 1960, ƙasa mai girman da ya ninka Beljiyam wajen sau 77, amma masu digirin jami'a 'yan ƙasar ba su kai talatin ba, kuma babu hafsan soja baƙar fata ko ɗaya a rundunar. Cikin mako guda soja suka yi bore, ranar 11 ga Yuli Katanga mai arzikin tagulla ta ɓalle da goyon bayan Beljiyam, a Janairun 1961 aka kashe Lumumba, firaministan ƙasar na farko. Wannan ba laifin 'yan Kwango ne kaɗai ba. Gini ma da ta ce a'a ga tayin De Gaulle, jagoran Faransa, na ci gaba da zama a ƙarƙashin inuwar Faransa a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Faransawa sun kwashe ma'aikatansu da kayan aikinsu suka bar ta a tsaye cak don ta zama darasi ga sauran.

Malam Sanusi:
Malam Bello, wallahi ka taimake ni, domin ka raba mini abu biyu da nake cakuɗawa. Gadon mallaka akwai layi, akwai kuma injin mulki. Ni layin nake cewa mun ɗora wa laifin da ya fi ƙarfinsa. Injin kuwa, na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa mugun gado ne. Abin da ke ci mini rai shi ne shugabanninmu na farko da na bayansu sun karɓi injin nan, suka ga yana da daɗin tuƙi, suka bar shi yadda yake. Dokar tsare mutum ba shari'a da Bature ya yi amfani da ita a kansu, da yawansu sun riƙe ta suka yi amfani da ita a kan 'yan adawa.

Zulai:
Akwai kuma batun inda gwamnati ke samun kuɗi. Sarakunan Turai yaƙi ya tilasta musu neman haraji daga 'yan kasuwa da manoma, su kuma suka ce ba za mu bayar ba sai da majalisar da za ta duba inda kuɗin ke tafiya. Gwamnatin da kuɗinta ke fitowa daga rijiyar mai ko ramin ma'adini ko bashin waje ba ta da wannan matsin. Tana iya rayuwa ko talaka ya yarda ko bai yarda ba.

Hajiya Rabi:
Sai dai ko wannan ba ƙaddara ba ce. Botsuwana ta samu 'yanci a 1966 tana cikin mafi talaucin ƙasashen duniya, titin kwalta 'yan kilomitoci ne kawai. A 1967 aka gano lu'ulu'u a Orapa, a yankin ƙabilar shugaba Seretse Khama kansa. Ya tsaya a kan cewa arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin ƙasa ne gaba ɗaya, ba na yankin da aka same shi ba. Kuɗin ya tafi makarantu da asibitoci da hanyoyi. Saliyo ma tana da lu'ulu'u, nata ya ciyar da yaƙin 1991 zuwa 2002.

Abba:
To na ji. Amma ku amsa mini wannan kai tsaye. In aure ya ƙi daɗi ana rabuwa. Cekoslobakiya ta rabu biyu ranar 1 ga Janairu 1993, ko harsashi ɗaya ba a harba ba, yau Cek da Slobakiya kowa na zaman lafiya. Singafo ta fita daga Malesiya a 1965 ta zama abin da ta zama. Me ya sa mu aka ɗaure mu da cewa iyaka ba ta taɓuwa?

Malam Mamman:
Ba Bature ne ya ɗaure mu da wannan ba, shugabanninmu ne. An kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa ranar 25 ga Mayu 1963, a taron Alƙahira na Yulin 1964 suka amince kowa ya mutunta iyakar da ya tarar ranar 'yancinsa. Maroko da Somaliya ne suka ƙi, domin kowace tana da ƙasar da take nema a wajen maƙwabta. Watanni kaɗan kafin nan Maroko da Aljeriya sun gwabza a kan iyaka, Somaliya da Habasha ma haka. Shugabannin sun ga in aka buɗe wannan ƙofa ba mai iya rufe ta.

Malam Sanusi:
Kuma Abba, a wannan shekarun da Cek da Slobakiya suka rabu lafiya, Yugoslabiya ma ta rabu. A garin Srebrenica na Bosniya kaɗai, a Yulin 1995, an kashe maza da samari Musulmi wajen 8,000. Bambancin shi ne Cek da Slobakiya kowa yana zaune a ɓangarensa da tsohuwar iyaka a tsakani, a Bosniya kuwa gida na jikin gida. Yawancin ƙasashenmu irin Bosniya ne wajen cakuɗuwa.

Dubi Indiya a 1947. An ɗauko lauya daga Landan, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, aka ba shi mako biyar ya raba Punjab da Bengal bisa addini. Mutane sama da miliyan goma suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya. An samu Pakistan, ƙasar Musulmi mai ɓangare biyu, gabas da yamma. Tsugune ba ta ƙare ba. Aka ce Urdu ne kaɗai harshen ƙasa alhali mafi yawan jama'a Bengali suke yi, ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Daka saboda wannan. A zaɓen Disambar 1970 jam'iyyar Awami ta gabas ta ci rinjaye, aka hana ta mulki. Ƙarshenta yaƙin 1971 da haihuwar Bangaladash. Addini ɗaya bai riƙe su ba da aka hana su haƙƙinsu a akwatin zaɓe.

Zulai:
A nahiyarmu ma an gwada sau biyu. Iritiriya ta fita daga Habasha a 1993 bayan yaƙin shekara talatin, a 1998 suka koma yaƙi a kan garin Badme, dubun dubatar sojoji suka mutu, kuma har yau ba a taɓa zaɓen shugaban ƙasa a Iritiriya ba. Sudan ta Kudu, kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi rabuwa a Janairun 2011, aka ɗaga tuta ranar 9 ga Yuli. Ina tuna hotunan mutane suna kuka don murna a Juba. A Disambar 2013 shugaba Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar suka juya wa juna bindiga. Mutanen kudu suna da hujjar neman rabuwa, an zalunce su shekara da shekaru, ba na musun wannan. Amma sabuwar tutar ba ta zo da kotu mai gaskiya ko baitulmali mai tsaro ba.

Abba:
Wato kuna cewa wanda ake dannewa ya yi shiru ya zauna?

Hajiya Rabi:
A'a ɗana, Allah ya kiyaye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tsakanin shiru da ɓallewa akwai fili mai faɗi. Suwizalan harsuna huɗu ne, Katolika da Furotesta, sun yi ɗan yaƙin basasarsu a 1847. Waɗanda suka ci yaƙin ba su murƙushe waɗanda aka ci ba, a 1848 suka rubuta tsarin mulkin tarayya da ya bar wa kowane yanki makarantunsa da harajinsa da harshensa. Indunusiya, tsibirai dubbai, Jawawa ne mafi yawa, amma matasan da suka yi rantsuwar 1928 suka zaɓi Malayancin kasuwa ya zama harshen ƙasa, ba na Jawa ba, don kada wani ya ji an hau kansa.

Malam Bello:
Najeriya ma ai abin da ta yi ta gwadawa ke nan, ko da yake da tsada. Jihohi uku a 1960, huɗu a 1963, Gowon ya mai da su 12 ranar 27 ga Mayu 1967, kwana uku kafin a ayyana Biyafara. Yaƙin ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, mafi yawa yunwa ce ta kashe su, har Janairun 1970. Daga nan 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Ƙananan ƙabilu da yawa sun samu numfashi, wannan gaskiya ne. Amma duk jihar da aka yanka sai a samu sababbin tsiraru a cikinta suna kuka, kuma mafi yawan jihohin nan in ba a aiko musu kaso daga Abuja ba, albashi ma ba za su iya biya ba. Mu ma mun yi ta jan layi a cikin gida muna jiran layin ya yi mana aikin.

Abba:
Ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Har yanzu ina ganin wanda aka tambaye shi kafin a sa shi cikin ƙasa ya fi wanda aka jefa shi ciki riƙe ta da zuciya ɗaya. Amma na yarda Somaliya da Sudan ta Kudu sun tsaya mini a wuya, ba ni da amsarsu yanzu.

Malam Mamman:
Akwai inda aka tambaya, Abba, ka je ka bincika. A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'a a Kamarun Ingila. Arewa ta zaɓi Najeriya, ta zama Lardin Sardauna. Kudu ta zaɓi Kamaru bisa tsarin tarayya. A 1972 shugaban Kamaru Ahidjo ya soke tarayyar, kuma tun 2017 ana zubar da jini a yankin masu Ingilishin nan. An tambaye su ranar shiga, amma alkawarin da suka shiga a kansa ba a riƙe shi ba.

Baba Safiyo:
Ku gafarce ni, na zo a makare, ido ya yi rauni sai jikata ta karanta mini. Aikin awon ƙasa na yi har na yi ritaya. Malam Sanusi, ka gaya wa ɗalibarka wani lokaci wanda ya ja layin bai je ba, amma akwai waɗanda aka tura daga baya su nemo shi a ƙasa, ni ina cikinsu. An taɓa tura mu neman wata tsohuwar turkar iyaka. Takardar da ke hannunmu ta ce tana kusa da wata babbar kuka, gabas da rijiya. Muka je, kukar ta faɗi tun kafin a haifi mafi yawan mutanen garin, rijiyar ta rufta. Kwana biyu muna ja da sarƙar awo a rana. Wani tsoho ne ya gaji da kallonmu, ya kama hannuna ya kai ni tsakiyar gonarsa, ya share ƙasa da ƙafa, sai ga kan siminti ya fito, lambar jikinsa ta kusa gogewa. Ya ce a nan yake ɗaure akuyarsa in ya zo noma. Na tambaye shi ya san rabin gonarsa na wata ƙasa ne? Ya ce ya sani sarai, masu karɓar haraji na ɓangarorin biyu duk sun san hanyar gidansa. Na ce to makaranta fa, ta wane ɓangare 'ya'yansa ke zuwa? Ya ce babu ko ɗaya a kusa.

Malam Sanusi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ko kana da hoton turkar nan? Ina so in kai aji ranar Litinin in ajiye shi kusa da taswirar.

Baba Safiyo:
Akwai guda ɗaya, baƙi da fari, yana cikin tsohuwar jakar aikina. Tsohon ma ya fito a gefe, riƙe da fartanyarsa. Bari yarinyar nan ta nemo ta ɗauka da waya, za ta turo maka cikin dare in Allah ya so.